Hawan Kura da Baya

Gidan Ɓaure, ƙasar Karofan
Lokacin ɗari

Zuwa ga ɗana Hafizu, a Abijan.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da mutanen gidanka. Mu nan sai godiya. Gwiwata ta hagu, wadda ta ƙare rayuwarta kan ambiriyaj, kulocin mota, ita ke tashe ni kafin ladan. Innarka Cima tana fama da ido, amma bakin nan nata lafiya lau. Na ga uwarka a Madawa, ta ce in gaya maka ita ƙanwata ce ba 'yar aikena mai miƙo mini takardunka ba, ka rubuto mata tata takarda.

Ka ce in riƙa kiranka a waya. Ka san rezo, layin waya, sai an hau kan dutse, kuma inji ya cinye mini kunne. Ina ihu, duk mai kiwon awaki shina jin sirrina. Bar ni da takardata.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami, buwat ɗin bashe, wato akwatin giyar motata a-kori-kura da ka sani, ta mutu. Ranar kasuwar Buza muna tsakiyar Hawan Kura da mutane da buhunan albasa, na ji ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, sai sandar giya ta saki a hannuna. Allah ya sa birki ya kama. Makaniken Madawa ya buɗe ta, ya zubo mini haƙoranta a tafin hannu, ya ce wagga sai dai addu'a. Na bi Madawa, na bi Ƙonni, duk wadda anka nuna mini ta girmi tawa.

Garin nan mota ɗaya gare shi, hanyar fita kuma ɗaya, ta kan dutsen nan. Tun da na aje motar, mai ciwo sai amalanke, yini guda ana jijjiga shi kafin Buza. Ni kuma na gaji, Hafizu, ba na ɓoye maka. Da akwai wanda zan miƙa wa makulli da tuni na miƙa. In ka ga wata tsohuwa irin tawa a garejinku, ko ta sha wuya, ka aiko da motocin albasa masu dawowa. In babu, kada ka takura kanka.

Kawunka,
Attahiru

*

Abijan

Zuwa ga Kawu Attahiru.

Ina gaishe ka gaisuwar girma, kai da Inna Cima da duk mutanen Gidan Ɓaure. Allah ya sawwaƙe gwiwa. Mu nan lafiya, sai aiki da ba ya ƙarewa da zafin teku mai sa mutum ya tashi da gajiyar jiya.

Kawu, faɗuwa ta zo daidai da zama. Wani ɗan masu hali ya kawo mana motarsa ta tsere, irin mai ƙofa biyu da cikinta ke kusan lasar ƙasa, bayan ya haɗa ta da bangon gada. Gabanta ya tafi, amma buwat ko ƙwarzane babu. Kamfani ɗaya ya ƙera ta da bashenka. Na auna, na sake aunawa, za ta zauna daram. Maigidana ya ce in ɗauka, na ba direban albasa ɗan Galma, zai sauke ta wurin makanikenka. Kada ka yi mini maganar biya, don Allah. A motar nan ka koya mini riƙe sitiyari.

Bari in gaya maka abin da ke cikinta. A tsohuwar taka, in ka sa lamba ɗaya, inji shina juyawa kusan sau huɗu kafin sandar da ke tura ƙafafun baya ta juya sau ɗaya. Ƙarfi ke nan, amma ba nisa. Ka taka kaɗan inji ya fara kuka, ka sa ta biyu, kuma tsakanin ɗaya da biyu akwai rami, sai inji ya faɗi ya sake tattara numfashi. Wagga kuwa lamba ɗayanta doguwa ce, sau uku da 'yan kai, tana kai ka nesa kafin ka canza. Sauran giyoyin kuma suna kusa da juna kamar matakalar bene mai ƙananan taki. Ka canza, inji bai faɗi ba, gudu shina ƙaruwa ba yankewa. Na taɓa jan motar bayan wani gyara. Wallahi Kawu, da na taka, sai da bayana ya manne da kujera, kafin in haɗiye miyau ina lamba uku. Direbobin Buza za su san an zo.

Sai wata magana, ka isar wa Inna Cima, ka yi mini afuwa da ta biyo ta hannunka. Ɗiyarta, mai ɗakina, tana da juna biyu, ana sa ran cikin damina. Likita ya ce jininta shina hawa, kada ta haihu a gida, da ciwo ya fara a kai ta asibiti. Inna za ta so ta zo goyon ciki ɗakinta, tunda na fari ne. Ni ina tunanin ko ta zauna Madawa wurin uwata, kusa da likita. Ka gwada motar a kan dutse da kaya ka gaya mini, sannan in yanke.

Ɗanka,
Hafizu

*

Gidan Ɓaure
Farkon bazara

Ɗana Hafizu,

Muna lafiya, zafi ya fara. Gwiwa tana nan tana mulkinta.

Saƙo ya iso, an ɗaura. Ranar da na shigo da motar gari har mata sunka fito. Liman ya yi addu'a, ya ce a yi koyi da kai, yaran da sunka tafi bariki sunka manta da gida su ji kunya. Uwarka ta ji labari tun daga Madawa, an ce ta yini ba ta rufe baki ba. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu yi maka.

Abin da ka faɗa gaskiya ne. Kan gudron ɗin Madawa, kwaltar nan, na taka ta, ɗaya, biyu, uku, ba ta ko yin tari. Na wuce wata babbar motar fasinja, direban ya leƙo shina kallon tsoho da bashe. Ban taɓa jin gudu irin wanga ba, har na ji tsoron kaina.

Hawan Kura kuwa shina nan inda ka bar shi, muna hawa da ikon Allah.

Na isar da saƙonka. Cima ta ce ta share ɗaki tun kafin in gama karantawa, kuma a danginsu ba a taɓa yin haihuwar fari a ɗakin uwar miji ba. Ni ba ni da ta cewa cikin maganar mata.

Attahiru

*

Abijan

Kawu,

Gaisuwa da fatan alheri. Takardarka ta wanke mini zuciya. Na karanta wa abokan aiki wurin da ka wuce motar fasinja, sunka yi ta dariya, sun ce a gaida tsohon direba.

Tunda kuna hawa lafiya, magana ta ƙare. Ba zan ɓata wa Inna rai ba. Na riga na rubuta wa uwata kada ta jira, ɗiyarku za ta wuce Gidan Ɓaure kai tsaye. Za ta taso tare da matar wani ɗan Keita kafin ruwa ya sauka, akwai takardun likita cikin jakarta, a nuna su a Buza.

Ni ba zan samu zuwa ba sai suna, in Allah ya kai mu. Mu biyu munka rage a gareji, maigida kuma ba ya jin kalmar hutu. Wani lokaci ina kwance ƙarƙashin motar wani, mai shina ɗiga mini a fuska, sai in tambayi kaina me na zo nema. Amma da na tuna kana nan da mota a ƙofar gida, sai hankalina ya kwanta. Daga gari zuwa Buza, da buwat ɗin nan, kafin a tafasa shayi kun isa.

Ɗanka,
Hafizu

*

Gidan Ɓaure
Bayan shuka

Zuwa ga maigida, ɗan mace, taubashina tun kafin ya zama wani abu.

Ina gaishe ka. Na iso lafiya, an yi ruwa, gero ya fito. Ƙafafuna sun kumbura, takalmin da ka saya mini sai dai in kalle shi. Inna tana ɗura mini kunu kamar za a kai ni kasuwa. Na je awo Buza, ungozomar asibiti ta duba takardun, ta ɗaure fuska, ta ce ranar da ciwo ya fara kada a tsaya ko ɗaura kallabi.

To, injiniyan Abijan, zauna ka ji aikinka. Motar Baba ta zama amarya, kan gudron rawa, gindin dutse kunya. Ba ta hawa Hawan Kura da mutane. Da an iso gindin dutse kowa ya san aikinsa: a sauka, maza su tura, mata su bi da duwatsu suna sa wa ƙafafun baya kada ta komo. Baba shina ciki shina taka ta, inji na shaƙewa, wani wari na tashi kamar an ƙona gashi. Ranar awo da ƙafata na hau dutsen nan, ina hutawa ina tashi, Inna na riƙe da ni. Yanzu ruwa ya zaizaye hanyar, abin ya ƙaru.

Kowa a garin nan ya sani, kai kaɗai ne ba ka sani ba. Baba ya hana a gaya maka. Ya ce wa Inna yaro ya yi abin kirki, liman ya sa albarka gaban jama'a, kuma surukinsa ne, da wane baki zai ce kyautarsa ba ta yi ba. Na ce wa Inna to a mai da ni Madawa. Ta ce in rufe mata baki, ita ta haife mu duka a ɗakin nan ba ta mutu ba, kuma me za ta ce wa uwarka bayan ta riga ta ci gari a kanta.

Baban kuwa ka san shi da ni. Ɗiyar fari ce, tun da anka haife ni bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa duban idona ba. In na shigo ta nan ya fita ta can, in dole ta kama ya ce «ke» ko «a gaya wa yarinyar nan». Ba zan iya zama gabansa in ce ina jin tsoro ba. Amma kullum da safe kafin ya tafi gona ina ganinsa da kwando da shebur ya nufi dutse, shi kaɗai da gwiwar nan, shina cike ramukan hanya. Bai gaya wa kowa dalili ba.

Ina jin tsoro, ka ji na faɗa. Yanzu noma ya kankama, da hantsi ba namiji ko ɗaya a gari, duk suna gonakin fadama. In abin ya zo da rana, wa zai tura? Na gaji da ciki, na gaji da kunyar mutanen gidan nan. Kai ka ɗaura wagga tsiya, kai za ka kwance ta. Kada ka ce ni na gaya maka, ko da yake ya san ba mai bakin yi sai ni.

Matarka,
Hamdiya

*

Abijan

Kawu,

Ina gaishe ka, ina fatan gwiwa da sauƙi. Ni ban da lafiyar zuciya tun da wani labari ya iso ni. Kada ka nemi wanda ya faɗa.

Na koma na karanta takardarka ta bazara. Ka rubuta kuna hawa da ikon Allah, ni kuma na karanta abin da nake son ji. Laifina ne. Na yi maka lissafin motar da ba ta ɗaukar kowa sai mutum biyu, mara nauyi, mai inji kamar na jirgi, a kan titi shimfiɗaɗɗe. Irin wagga ita ke iya tashi da doguwar lamba ɗaya. Bashe da kaya a gindin dutse gajeren taki take so, irin na jaki, ni kuma na aiko maka da na doki. Na daɗe ban ga Hawan Kura ba, har ya kwanta a cikin kaina. Amma Kawu, da ka gaya mini. Ni ɗanka ne kafin in zama surukinka.

Na sa ana nema mini irin tsohuwar taka, sai dai ko an samu yau ba za ta iso kan lokaci ba. Roƙona na farko, a kai ta Madawa yanzu, ko Inna za ta yi fushi da ni shekara.

In hakan bai yiwu ba, ga abin da ya rage. Na samu irin buwat ɗin a wani gareji, na buɗe na duba haƙoranta. Giya mafi gajarta a cikinta ita ce ta baya. Ta kusa kai tsohuwar lamba ɗayanka ƙarfi. In ka iso gindin dutse ka juya motar, ka hau da baya. Ka cire tamfol don ka ga hanya. Nauyi zai koma gaba, ƙafafun baya za su so su yi ta juyawa a banza, don haka masu zama su zauna daidai saman ƙafafun nan, ka ƙara buhun yashi. Ka saki ambiriyaj gaba ɗaya, kada ka riƙe shi rabi, kuma kada ka tsaya a tsakiya ko me ya faru.

Na san za a yi dariya. Ka gwada ko sau ɗaya, don Allah, ka rubuto mini.

Hafizu

*

Abijan

Kawu,

Gaisuwa. Motocin albasa sun zo sun koma, ba takarda. Na kira duk wanda na san shina hawa dutse da waya, ba ta shiga. In fushi kake yi da ni, ka yi, na cancanta, amma a gaya mini halin da ake ciki. Jiya na ɗaure ƙafar motar wani na manta ban ƙara matse ta ba, Allah ya sa maigida ya duba. Ba na iya aiki, ba na iya barin aiki.

Hafizu

*

Buza, a harabar asibiti

Ɗana Hafizu,

Bayan gaisuwa. Ka kwantar da hankalinka, an sauka, mace ce, uwa da ɗiya suna da rai. Na sa wannan a gaba don kada ka karanta sauran da tsoro.

Takardunka biyu sun same ni. Ta farko ta ɓata mini rai, ba zan yi maka ƙarya ba, shi ya sa na yi shiru. Na yi wa Cima maganar Madawa, ta ce sai bayan an gama noman farko. Ka san noman farko ba ya ƙarewa. Maganar baya kuwa na gwada ranar wata Laraba, mota ba kowa. Ta hau. Amma matan da ke dawowa daga itace sun gani, kafin la'asar duk gari ana ce mini Alhaji Baya-baya. Shekarun da na yi ina tuƙi ba wanda ya taɓa yi mini dariya a kan hanya. Na cire tamfol duk da haka, na aza buhunan yashi, na bar su a ciki. Wanda ya tambaya na ce gini zan yi.

Abin ya zo da hantsi, bayan ruwan safe. Gari ba kowa sai tsofaffi da awaki. Cima ta fito ba mayafi, ban tambaye ta komai ba. Munka shimfiɗa katifa a baya, ita da ungozomar gari sunka zauna daidai saman ƙafafun baya kamar yadda ka ce, sunka sa yarinyar a tsakiya. A gindin dutse na juya mota. Cima ta ɗauka gida zan koma, ta fara zagina, ban kula ta ba.

Hafizu, akwai abin da ba ka rubuta ba cikin lissafinka. Mai tuƙi da baya, baya yake kallo. Na murɗa wuya na dubi hanya ta gilashin baya, sai ga fuskar yarinyar nan a gabana, tsakanina da ita bai fi kamu ɗaya ba. Ba inda zan kai idona. In na kau da kai mu faɗa rami, in na duba hanya ita nake gani. Tun tana cikin zane ban dube ta haka ba. Ashe kamar uwata ce, har ɗan tabon gira.

Mota tana hawa a hankali, tana kuka, ƙafafu suna zamewa suna kamawa. Wajen babban lanƙwasan nan na ga idonta shina juyewa, jikinta ya fara karkarwa. Cima tana jijjiga ta tana salati, ba ta amsawa. Ka ce kada in tsaya, ban tsaya ba. Na buga gilashi da gwiwar hannu, na kira sunanta. Da ƙarfi na kira, irin ihun da nake yi a waya. Ta buɗe ido ta dube ni. Ina jin mamaki ne ya dawo da ita. Na ce mata, «Dube ni, kada ki rufe.» Haka munka hau sauran dutsen, ina kira tana kallona, har ƙafafun mota sunka taka shimfiɗaɗɗiyar ƙasa.

A Buza aiki anka yi mata. Likita ya ce da amalanke ne da ba wannan maganar ake ba. Ta sha wuya, har yanzu ba ta tashi zaune sosai, amma tana cin abinci, jiya har ta yi wa uwarka tsiya. Uwarka da Cima suna ɗaki ɗaya, kowace tana nuna wa ɗaya yadda ake riƙon jariri.

Motar tana nan ƙofar asibiti. Ambiriyaj ɗin da munka ƙona watannin nan ya ƙarasa a nan, ko taki ɗaya ba ta ƙara yi ba. Wuyana bai komo daidai ba, ina sallah ina kallon gefe. In ka samu tsohuwar buwat ka taho da ita da kanka, ka ɗaura da hannunka, ni ba na jin zan sake hawa dutsen nan, ko ta gaba ko ta baya. Na gaji ƙwarai. Ka aiko da sunan da kake so kafin ranar suna, in ba za ka iso ba.

Cima ba ta ce mini komai ba kan abin da ta ji a dutse, ni ma ban ce ba. Yau da safe na shiga ɗakin mai jego, na zauna bakin gado, ba wanda ya kore ni.

Hamdiya tana gaishe ka.

Kawunka,
Attahiru